Banki da Abokin Hulɗa a Lokacin Karayar Tattalin Arziki: Wa Ake Yi wa Sassauci?

 

Tambayar da aka ɗora mini ita ce, shin bankuna suna yi wa abokan hulɗarsu adalci idan tattalin arziki ya karye? Zan faɗi amsata tun yanzu domin ku riƙa auna ta da abin da zan kawo. A ganina ba sa yi. Akwai sassauci a banki, mai yawa ma kuwa, amma gwargwadon girman bashin mutum ake raba shi. Wanda ake bi biliyoyi, sai a kira shi ofis, a ba shi kujera, a tambaye shi yaushe zai iya biya. Wanda ake bi naira dubu ɗari biyu kuwa, kwamfuta ce take yanke masa hukunci cikin dare, da safe ya tashi ya ga alat.

Masana suna cewa tattalin arziki ya karye idan abin da ƙasa ke samarwa ya ragu wata shida a jere, wato zango biyu na wata uku-uku. Da wannan ma'auni, Najeriya ta faɗa cikin karaya sau biyu a 'yan shekarun nan. Na farko a 2016, bayan gangar ɗanyen mai da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016. Na biyu a 2020, shekarar annobar korona, lokacin da tattalin arzikin ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 a zango na biyu. Waɗannan shekaru biyu su ne shaiduna. Amma dole in fara komawa 2009, saboda a nan aka kafa tsarin da muke kai har yau.

Manya a cikinmu za su tuna lokacin Farfesa Charles Soludo a Babban Bankin Najeriya, sa'ad da aka ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Daga nan aka shiga sayar da hannun jari babu ƙaƙƙautawa. Ma'aikatan banki suna bin mutane har shago da ofis suna cewa ga garaɓasa. Wasu bankunan ma su suke ba mutum rance ya sayi hannun jari da shi. Da kasuwar ta rushe daga Maris ɗin 2008, darajar hannayen jari ta zube da kusan kashi biyu bisa uku cikin shekara guda. Ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa ya wayi gari da takarda a hannu, wani kuma da bashi a wuya.

Ranar 14 ga Agustan 2009, Malam Sanusi Lamido Sanusi, wata biyu da zamansa gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara biliyan 200 ga wasu, jimilla biliyan 620. A nan zan faɗi gaskiya guda da ta goyi bayan tsarin: masu ajiya a waɗannan bankuna ba su rasa kuɗinsu ba. An kuma hukunta wasu. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida, aka ƙwace mata kadarori na kimanin naira biliyan 190.

To amma bashin da ya karya bankunan fa, ina ya tafi? A 2010 aka kafa hukumar AMCON, ta saye basussukan da suka ƙi biyuwa daga hannun bankuna domin su samu su miƙe. Shekaru bayan haka, shugabannin hukumar da bakinsu suka riƙa cewa mutane da kamfanoni 350 kacal ne ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na tiriliyoyin da ake bi. Domin cike wannan rami, kowane banki yana biyan rabin kashi ɗaya cikin 100 na dukkan kadarorinsa duk shekara. Banki kuwa ba ya buga kuɗi. Abin da ya biya, daga kuɗin ruwan da yake ɗora wa mai rance da cajin da yake yanka wa mai ajiya ya fito. Ke nan mai sayar da kayan miya da ta buɗe asusu a Kasuwar Rimi tana cikin masu biyan bashin jirgin saman da ba ta taɓa hawa ba. Kashin dankali ke nan, manya a sama, ƙanana a ƙasa.

Mu zo 2016. Tun 2013 Babban Banki ya yi alkawarin kawar da cajin da ake kira COT, wanda banki ke cira a kan kowace naira dubu da ta fita daga asusun ɗan kasuwa. Aka tsara abin daki-daki: naira 3 a 2013, naira 2 a 2014, naira 1 a 2015, sifili a 2016. 'Yan kasuwa suna ta lissafin ranar hutu. Janairun 2016 na kamawa sai ga sabuwar takarda daga Babban Bankin, ta ba bankuna izinin cirar kuɗin kula da asusu, har naira 1 a kan kowace dubu. Wato abin da aka ce an kore ya sake suna ya dawo. Dalilin da aka bayar shi ne faɗuwar farashin mai da kwashe kuɗin gwamnati daga bankuna zuwa asusun bai-ɗaya na TSA sun rage wa bankuna samu. Ina so ku tsaya a kan wannan dalili. Faɗuwar farashin mai ta taɓa banki, ta kuma taɓa mai shago a Kantin Kwari da ciniki ya tsaya masa. Amma da aka zo neman wanda za a tallafa, banki aka tallafa, daga aljihun mai shagon.

A wannan wata dai aka umarci bankuna su fara cirar harajin hatimi na naira 50 a kan kuɗin da ya shiga asusu daga naira dubu ɗaya zuwa sama. Wannan kuɗi na gwamnati ne, banki ɗan aike ne kawai, kuma bai kamata mu ɗora masa laifin da ba nasa ba. Sai dai shi mai asusu bai ga bambanci ba. An turo masa dubu ɗaya, an yanke hamsin, kashi 5 cikin 100 ke nan. Wanda aka turo wa miliyan goma shi ma hamsin ɗin aka yanke masa. Sai da Dokar Kuɗi ta 2019 ta zo aka ɗaga mafarin zuwa naira dubu 10.

A shekarar, hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin 100. Jihohi da dama sun kasa biyan albashi wata da watanni. Ku duba halin malamin firamare da ya karɓi rance a kan albashinsa. Gwamnati ce ta makara, shi bai yi laifin komai ba, amma ƙa'idar caji ta ba banki damar ɗora masa tarar kashi 1 cikin 100 duk wata a kan abin da bai biya ba, ban da kuɗin ruwan asali. Ranar da albashin ya faɗo, kafin ya isa bakin ATM an riga an kwashe. A daidai wannan lokaci kamfanin sadarwa na Etisalat ya kasa biyan bashin dala biliyan 1.2 da bankuna 13 ke bin sa. Aka yi wata da watanni ana zama, Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC suka shiga tsakani a 2017 domin kada kamfanin ya rushe, daga baya ya koma 9mobile. Ban ce kada a ceci kamfanin da miliyoyin mutane ke amfani da layinsa ba. Ina tambaya ne, wa ya shiga tsakani domin malamin nan?

Yanzu bari in tsaya a gefen banki, domin adalci ya hau kaina ni ma. Kuɗin da banki ke bayarwa rance amanar masu ajiya ne. Idan ya yafe wa kowa, ranar da ka zo cirar naka ba za ka samu ba. A 2016 basussukan da suka ƙi biyuwa sun haura kashi 10 cikin 100 na dukkan rancen bankuna, ninki biyu na iyakar kashi 5 da Babban Banki ya gindaya. Bankin Skye ya jigata har aka sauya shugabanninsa a Yulin 2016, a 2018 aka soke lasisinsa ya koma Polaris. Ga tsadar man dizal, ga kuɗin tsaro, ga na'urorin da ake saya da dala. Duk wannan gaskiya ne. Haka kuma akwai masu karɓar rance da niyyar ƙin biya, kuma a cikinmu suke.

Amma wa ya jawo ɓarnar? Kusan kashi 30 cikin 100 na rancen bankuna a lokacin yana hannun kamfanonin mai da iskar gas ne. Su suka durƙushe da farashi ya faɗi. Ƙaramin mai ajiya bai ci ko sisi a ciki ba. Da bankunan suka tsorata, sai suka juya wa ƙananan 'yan kasuwa baya, suka zuba kuɗi a takardun lamunin gwamnati da ke biyan kusan kashi 18 cikin 100 ba tare da wata kasada ba. Da aka karya darajar naira a Yunin 2016, bankunan da ke riƙe da dala suka samu riba daga sauyin farashi kawai. Shi ya sa a shekarar da ƙasa ta karye, ribar Zenith da ta GTBank ta zarce ta shekarar da ta gabata. A 2020 ma Zenith ya bayyana ribar kimanin naira biliyan 230 bayan haraji, GTBank kuma kimanin biliyan 201. Riba ba laifi ba ce, kuma banki mai riba ya fi banki mai asara amfani ga kowa. Sai dai wanda ya ci irin wannan riba ba shi da bakin cewa ba zai iya ɗaga wa malamin makaranta ƙafa wata uku ba.

Shekarar 2020 ta fi kowace fito da abin fili, saboda abubuwa uku sun faru cikin wata shida.

Ranar 16 ga Maris, Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da matakan rage raɗaɗin annoba. Ya rage kuɗin ruwa a kan rancen tallafinsa daga kashi 9 zuwa 5, ya ba da jinkirin shekara guda, ya ware naira biliyan 50 domin gidaje da ƙananan sana'o'i. Ya kuma ba bankuna izini su sake tsara basussukan waɗanda annobar ta fi shafa, musamman a fannin mai da noma da masana'antu. Ku lura, izini aka ba banki. Shi mai bashi ba a ba shi hakkin da zai tsaya a kai ba. Banki ne zai zaɓi wanda ya ga dama. Zuwa tsakiyar shekara, bankuna sun nemi sake tsara basussuka kimanin dubu 35, na naira tiriliyan 7.8, wato kusan kashi 40 cikin 100 na duk rancen da ke ƙasar. Ku raba tiriliyan 7.8 gida dubu 35, za ku ga kowane kaso ya haura naira miliyan 200. Babu shakka akwai ƙanana a ciki, kuma wasu bankuna sun ɗaga wa ƙananan masu rance ƙafa don kansu. Amma lissafin ya nuna inda nauyin sassaucin ya karkata.

Ranar 1 ga Agusta, annoba na tsaka da ci, aka fara aiki da tsarin GSI. Ma'anarsa, idan ka kasa biyan rancen banki ɗaya, zai iya bin lambar BVN ɗinka ya kwashi kuɗi daga asusunka da ke kowane banki, har da asusun haɗin gwiwa. Ana sa hannu a kan yardar ne tun ranar karɓar rance, cikin takardun da mutum ke rattabawa a gaggauce. Tsarin yana da hujja, domin akwai masu cin bashi a nan su gudu can. Amma da ɗaiɗaikun mutane aka fara shi, kuma a shekarar da aka kulle kasuwanni aka hana mutane fita nema. Tsarin ba ya tambayar dalilin kasa biya. Maƙetaci da wanda aka kora daga aiki, duk hukuncinsu ɗaya.

Ranar 1 ga Satumba aka rage mafi ƙarancin kuɗin ruwan da banki zai biya mai asusun ajiya, daga kashi 30 na ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki zuwa kashi 10. Ma'aunin yana kan 12.5 a lokacin, saboda haka abin ya koma kashi 1.25 a shekara. Mai naira dubu 100 zai samu 1,250, alhali farashin kaya yana tashi da sama da kashi 13. Idan kuma ya cira fiye da sau huɗu a wata, ko wannan ɗin ba zai gani ba. Idan shi ɗin ne ya zo neman rance, kuɗin ruwan da za a yanka masa yana dosar kashi 30, manyan kamfanoni kuwa suna samu a wajen kashi 12. Sai a Agustan 2022 aka mayar da ƙa'idar kashi 30 ɗin.

Na san da yawa a wannan ɗaki za su ce kuɗin ruwa bai dame su ba, tunda ba sa ci. Wannan ya ƙara wa maganata ƙarfi ne. Mutumin da ya ce kada a saka masa ruwa ya ba banki kuɗinsa kyauta yana juyawa. Duk da haka ana cirar masa kuɗin alat, da kuɗin kula da kati, da kuɗin taransifa, da harajin VAT a kan cajin. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun kawo mana sauƙi ta fuskar addini. Amma tambayar yau ta hau kansu su ma, har ma ta fi, domin shari'ar da suke aiki da ita ta yi umarni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu wadata, kamar yadda ya zo a aya ta 280 ta Suratul Baƙara. Da wannan za mu auna su ranar da ciniki ya tsaya wa wanda suka sayar wa kaya bashi.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon Najeriya ne kaɗai. A Amurka, bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumbar 2008, majalisa ta amince da dala biliyan 700 domin ceto harkar kuɗi cikin 'yan makonni, miliyoyin iyalai kuwa suka rasa gidajensu. A 2010 aka gano ma'aikatan wasu bankuna suna sa hannu a kan dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba, har manyan bankuna biyar suka amince da biyan dala biliyan 25 a 2012. Abin da ya sa na kawo su shi ne darasin da suka ɗauka. Da korona ta zo, dokar da suka yi a Maris ɗin 2020 ta ba duk mai bashin gida da gwamnatin tarayya ta tsaya wa hakkin neman jinkirin kwana 180, ya kuma ƙara wasu 180 idan ya buƙata. Nema kawai zai yi, banki ba shi da ikon hana shi. Kusa da mu, Kenya ta cire caji a kan tura kuɗi ta waya har shilin 1,000, Ghana har sidi 100, bankin BCEAO da Nijar ke ƙarƙashinsa kuma har sefa 5,000. Ashe abin mai yiwuwa ne idan an so.

Namu Babban Bankin ma ya taɓa yin abin kirki, kuma ya kamata a faɗa. A Janairun 2020 ya rage cajin cira a ATM ɗin wani banki daga naira 65 zuwa 35, ya mayar da ƙaramar taransifa naira 10. A 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamuncewa daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, kuma da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni, ƙananan masu ajiya aka fara biya. A Yunin 2020 bankin Access ya cire wa mutane harajin hatimi na wata uku a tashi ɗaya, jama'a suka yi ca, cikin kwanaki ya ce zai mayar. Duk inda ƙaramin abokin hulɗa ya samu hakkinsa, za ku tarar ko dai doka ce ta tilasta, ko kuma murya ce ta yi yawa.

Murya kuwa ita ce muka fi rashi a nan Arewa. Akwai sashen kare hakkin abokan hulɗa a Babban Banki, akwai ƙa'idojin da aka fitar a 2019, kuma an sha tilasta wa bankuna mayar da biliyoyin nairori da suka cira ba bisa ƙa'ida ba. Hanyar ita ce ka rubuta ƙorafi ga bankinka, ka karɓi lambar shaida, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba ka kai gaba. Amma takardun da Turanci suke, yarjejeniyar rance da Turancin lauyoyi take, kuma mutanenmu da yawa sun ɗauki haƙuri da "Allah ya isa" a matsayin ƙarshen magana. Naira 50 ba ta kai a hau mota a je reshe ba, banki ya san haka, shi ya sa ƙananan caji suka fi manya daɗi a wurinsa. Binciken ƙungiyar EFInA na 2020 ya nuna kusan kashi 36 cikin 100 na baligan ƙasar nan ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Ana yawan cewa jahilci ne. Wani ɓangare nasa lissafi ne na mutumin da ya ga an ajiye dubu goma an dawo an tarar ta ragu, alhali adashe ba ya ragewa.

Abin da nake roƙo a wurin 'yan majalisarmu da Babban Banki shi ne a rubuta dokar jinkiri tun yanzu, kafin wata karayar ta zo. Duk ranar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tabbatar tattalin arziki ya karye, mai ƙaramin rance da ya nuna shaidar an kore shi daga aiki, ko an riƙe masa albashi, ko an rufe kasuwarsa, ya samu jinkirin wata uku zuwa shida a matsayin hakki, babu tara, kuma a dakatar da GSI a kansa tsawon wa'adin. Ma'aikacin da gwamnati ta makara da albashinsa, tarar ta hau kan gwamnatin. Haka nan shafin da ke ɗauke da kuɗin ruwa da tara da yardar GSI a fassara shi da Hausa da sauran manyan harsuna, a karanta wa mutum kafin ya sa hannu. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na ƙwadago da ke zaune a nan, ku sa mambobinku su karɓo bayanin asusunsu na shekara guda, a samu akawu ɗaya ya duba su gaba ɗaya, a kai ƙorafin a takarda guda da sunan ƙungiya. Manajan da zai bar mutum ɗaya a kan layi ba zai bar wasiƙar 'yan kasuwa dubu biyu da duk kuɗinsu ke reshensa ta kwana a tebur ba.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.